Yadda Ake Ƙulla Labarin Kisan Kai a Ƙaramin Gari, Tsohon Soja Na Tsakiya

Duwatsun murhun irin wannan labari uku ne: gawa, ƙaramin gari inda kowa ya san kakan kowa, da mutumin da ya tafi yaƙi ya dawo ya tarar garin ya saba da rashinsa. Masu fara rubutu sukan ruga kan na ukun, su cinye babi huɗu suna kwatanta kaki da tabon harsashi, sai a tsakiyar littafi su farga su kansu ba su san wanda ya yi kisan ba. Daga ƙarshe ake fara wannan aiki. Kafin a rubuta layi ɗaya na babin farko, dole marubuci ya san wanda ya kashe, da abin da ya yi kisan da shi, da lokacin, da dalilin da ya sa mutanen garin suka gwammace a ɗora wa sojan.

Tsai da yaƙin da shekarar

"Ya dawo daga yaƙi" ba ya isa. Wanda ya dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 daban, wanda ya je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga 1990 daban, wanda ya dawo daga dajin Sambisa da waya a aljihu daban. Kowace shekara tana zuwa da kuɗinta da hukumarta da abin da mai bincike zai iya yi. Misalin da za a bi a nan shi ne mazan Burma, wato sojojin da Turawa suka kai ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, domin shi ya fi ba marubuci fili. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi da Japan a yankin Arakan da kwarin Kaladan tsakanin 1943 da 1945, an ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945, kuma wasu bataliyoyin Najeriya sun shiga daji tare da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit a 1944. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Yawancinsu sun dawo gida a 1946. Sunayen wuraren na nan har yau a jikin barikoki: Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya.

Da ka tsai da 1946, sai ka kiyaye abubuwan da ba su shigo ba tukuna. Babu naira, sai 1973. Kuɗin fam ne da sule da kwabo: sule ashirin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, ga anini a ƙasa. Fam ashirin ta isa 'yan'uwa su yi gaba a kanta, don haka kada ka sa a yi kisa a kan fam dubu a garin da ba a taɓa ganin ɗari a hannun mutum ɗaya ba. Hukuma kuwa ta En'e ce, wato mulkin gargajiya a ƙarƙashin Turawa: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, ga alƙali, ga dogarai da 'yan doka, Di'o, wato Baturen da ke kula da yankin, yana zuwa rangadi jefi-jefi. Mai karatu ɗaya da ya san tarihi ya isa ya tona ka idan ka sa DPO a garin.

Rubuta daren kisan a takarda daban

Wannan takarda ba za ta shiga littafin ba, amma ita ce ƙashin bayansa. Ja layi daga la'asar ɗin ranar zuwa hantsin washegari, ka sa kowane mutum da ake zargi a inda yake a kowane lokaci. Mutum biyar ko shida sun isa. Ƙasa da huɗu, mai karatu zai gano tun da wuri. Sama da bakwai, zai fara mance waye baffa waye kawu.

Mutanen garin ba su da agogo, saboda haka shaidarsu za ta zo da kiran salla, da tashin kasuwar dare, da carar zakara, da jiniyar jirgin ƙasa idan garin na kan layin Kano zuwa Nguru ko na Zariya zuwa Ƙauran Namoda. A nan ƙarya ke samun wurin ɓuya: "bayan lisha" na iya zama minti goma, na iya zama awa uku. Sojan ne kaɗai zai iya mallakar agogon hannu, kuma wannan na iya zama abin da zai cece shi ko ya kashe shi.

Duba wata. Ranar goma sha huɗu ga wata ana gane fuska daga nesa. Ranar uku, wata na faɗuwa jim kaɗan bayan lisha. Wajen ashirin da biyu sai tsakar dare yake fitowa. Shaidan da ya rantse ya ga fuskar soja da lisha ranar ashirin da takwas ga wata ba tare da fitila ba, ƙarya yake yi, kuma duk manomin da ke karatun zai kama shi kafin alƙali. Duba yanayi ma. Da damina sawu na kwana a taɓo, dawa ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum. Da hunturu iska na share sawu kafin hantsi, mutane na shiga ɗaki da wuri, kowa ya naɗe fuska da rawani ko mayafi. Auna tazara: mai tafiya a ƙasa na cin kamar mil uku a awa. Idan tsakanin gona da masallaci mil biyu ne, ba zai je ya dawo tsakanin magariba da lisha har ya yi kisa ba, sai da keke ko doki, kuma a gari irin wannan kowa ya san masu keke.

Gawa ba ta kwana

Ga inda labarinka zai rabu da na ƙasashen da ake ajiye gawa a asibiti likita ya yi mako yana dubawa. A nan an tsinci mamacin da asuba, kafin azahar an sallace shi an rufe. Ko da hakimi ya aika a jira, saƙo kafin ya kai hedkwata ya dawo an gama. Tone kabari kuwa abu ne da gari zai tashi tsaye a kansa. Wasu marubuta kan ɗauki wannan a matsayin cikas, su ƙirƙiro likitan da ya faɗo daga sama. Kuskure ne babba, domin wannan gaggawa ita ce jarin labarin.

Waɗanda suka ga jikin mamacin tsirara mutum biyu ne ko uku, wato masu wankan gawa, kuma addini ya hore su da su rufa asirin abin da suka gani. Kenan muhimmiyar shaida tana cikin kan dattijon da yake ganin faɗinta zunubi ne. Babi uku za su iya tafiya a kan yadda za a sa shi ya buɗe baki, kuma ba da barazana ba. Sai an kawo masa malamin da ya fi shi karatu ya nuna masa cewa ɓoye shaida alhali za a kashe marar laifi ya fi muni.

Me zai iya lura da shi? Sandarewar gawa na farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan awa biyu zuwa huɗu, ta game jiki wajen awa goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu. Zafin bazara na gaggauta duk wannan, sanyin hunturu na jinkirta shi. Idan da hantsi masu wanka sun sha wahalar miƙe hannuwa da ƙafafu, mutumin bai mutu da asuba ba kamar yadda ake faɗa, tun farkon dare ya cika. Jini kuma na taruwa a ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan awa takwas zuwa goma sha biyu ya zauna daram. A baƙar fata ba ya fitowa sosai, don haka kada ka sa kowa ya gan shi daga nesa, mai wanka ne kawai da ya saba zai lura. In an tsinci mutum a rigingine amma duhun yana ta gefen ƙirji da ciki, an juya shi ko an ɗauko shi daga wani wuri. Haka in rauni babba ne amma ƙasar wurin ba jini.

Makami ma akwai masu karanta shi a gari. Mahauci ya san bambancin yankan wanda ya saba da na wanda hannunsa ke rawa. Maƙeri na gane wuƙar da ya ƙera ko bayan shekara goma. Maharbi zai gaya maka raunin bindigar toka, mai watsa guntayen ƙarfe da ƙona fata in an harba daga kusa, bai yi kama da ramin harsashin .303 na bindigar soja ba. Kada ka sa sojanka ya dawo da bindigar gwamnati a kafaɗa, ana karɓe makamai kafin sallama. Abin da zai iya dawowa da shi adda ce, ko wuƙa, ko kwanson harsashi na tunawa. Wanda ke son ɗora masa laifi kwanson zai sata ya yar a wurin, sai maharbi ya nuna cewa kwanson ya yi tsatsa, ba a harba shi jiya ba.

Mai bincike ba ya wuce zaure

Ko ɗan doka ne, ko magatakardan alƙali, ko malamin asibiti, in dai namiji ne iyakarsa zaure. Rabin abin da aka sani game da kisan kuwa yana cikin gida wajen mata. Saboda haka ka ba shi abokiyar aiki tun babi na uku: dillaliya, ko ungozoma, ko mai kitso, ko 'yar talla mai shekara goma da ke shiga gida ashirin kullum ba wanda ke sassauta murya don ta shigo. Wanzami ma na ganin sabon ƙarzani a kafaɗar mai ƙaho. Kowannensu ya kawo abin da ya gani ba tare da ya san ma'anarsa ba. Haɗawa aikin mai bincike ne da mai karatu.

Tambaya kai tsaye ba ta aiki a wannan gari. Dagaci zai ce, "Ranka ya daɗe, mu dai mun wayi gari mun ga ikon Allah." Matar mamacin tana takaba, ba za ta ambaci sunan mijinta ba balle ta zargi ƙaninsa. Uwar sojan, in ɗan fari ne, kunya ba za ta bari ta fito ta kare shi a bainar jama'a ba, ko da a ɗakinta ya kwana, kuma Di'o zai ɗauki shirunta a matsayin amsa laifi. Wannan shi kaɗai ya isa ya riƙe tsakiyar littafi. Gaskiya takan fito ne ta bakin waɗanda al'ada ta ba lasisin faɗa: kaka da jika, taubasai, maroƙi, zabiya a wajen biki, ko habaicin kishiya a bakin turmi.

Shi kansa sojan

Abin da ya fi lalata irin wannan labari shi ne a mai da shi mahaukaci mai ihu da dare yana neman jini. Mutanen gari za su faɗi haka, su ce ya taɓu, ko iska ta shige shi, ko ya saba da kisa. Bar su su faɗa. Kai marubuci ka nuna abu ƙarami: ba ya zama sai bayansa na jikin bango, ƙarar faɗuwar kwano na sa shi ya durƙusa, ba ya zuwa wajen da ake babbakar kan rago, barcinsa ba ya wuce sulusin dare. Wannan na ƙarshe shi zai sa ya riƙa yawo lokacin da gari ke barci. Shi ya sa ake zarginsa, shi ya sa kuma ya ga abin da ba wanda ya gani.

Ya dawo da abubuwan da ke ba manya haushi. Yana da kuɗin sallama, ya ga Ikko da Bombay, ya ga Bature na kuka yana zubar da jini kamar kowa, wataƙila ya koyi karatun boko a bariki, kuma gwiwarsa ta yi nauyin faɗuwa gaisuwa. Kalmomin bakinsa su nuna inda ya fito: kofur, saje, samanja, hafsa, fareti, igwa. Biyu ko uku a babi sun isa.

Dalilin gaba kuwa ka samo shi daga shekarun da ba ya nan. Gonarsa da aka ba wani aro ya ƙi saki. Kuɗin da yake yankewa daga albashi ana aiko wa uwarsa, wani na karɓa da sunanta. Matarsa da aka aurar bayan an ce ya mutu. A fiƙihun Malikiyya matar wanda ya ɓace tana jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara, sannan ta yi idda, kuma in mijin na biyu ya riga ya tare da ita, na farko ya rasa ta. Idan sojanka ya tafi 1943 ya dawo 1946, lissafin bai cika ba, kenan wani ya yi shaidar zur cewa ya mutu. Wane ne, kuma me ya samu? Akwai kuma tambayar wanda ya sa sunansa a jerin waɗanda za a ɗiba tun farko, domin ba kowa ne ya shiga soja da son ransa ba, kamar yadda ba da son rai aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos ba a shekarun yaƙin.

Hanyoyi uku ke gabanka: bai yi ba, ya yi, ko yana rufa wa wani asiri. Ta farko zalla ta yi sauƙi, mai karatu ya san wanda kowa ke zargi a babi na biyu ba shi ne ba. Wadda ta fi ɗaukar nauyi ita ce bai yi wannan kisan ba amma yana ɓoye wani abu na gaske, misali a daren yana zauren tsohuwar matarsa, faɗin haka kuma zai tozarta ta. Sai ya zaɓi gidan yari a kan ya yi magana.

Rabon alamu

Ga ma'auni mai aiki: babi ashirin da huɗu, kowanne kalma 1,500 zuwa 1,800, jimla wajen 40,000. Gawa ta bayyana kafin ƙarshen babi na biyu. A kama soja wajen babi na shida. Alamu goma sha biyu: huɗu na gaskiya da ke nuna makashin, biyar da ke nuna wasu masu nasu asirin wanda bai shafi kisan ba, uku masu fuska biyu, waɗanda za a fahimta a karkace da farko. Duk alamun gaskiya su shiga kafin babi na goma sha takwas. Abin da mai bincike ya gani, mai karatu ma ya gani. In ka ɓoye wata takarda sai babi na ƙarshe ka zaro ta daga aljihu, ka ci amanar mai karatu, ba ka burge shi ba.

Alamar gaskiya ana binne ta ne a tsakiyar abin da ya fi ta ƙara. Ɗauki wannan: mamacin baffan soja ne, shi ke dangwala yatsa yana karɓar kuɗin da ake aikowa, kuma sun yi cacar baki ranar kasuwa kowa na ji. A babi na huɗu, ana tsakiyar zaman makoki, wata tsohuwa ta ambata a wucewa cewa shekarar da aka yi fari baffan ya yi wata biyar yana cirani. A babi na goma sha ɗaya mai bincike ya ga littafin biya, dangwale a kowane wata ba tsallake. Ba wanda ya haɗa biyun sai a babi na ashirin da biyu: wa ke dangwalawa a waɗannan watanni biyar? Mai riƙe da littafin ne, kuma baffan ya yi niyyar tona shi gaban hakimi don ya wanke kansa.

Guji mafarki, da boka mai nuna fuskar makashi a ƙwaryar ruwa, da mai laifi da ya tuba haka kawai. Mutanen gari za su je wajen boka, ka bar su su je, abin da ya faɗa ya zama ɗaya daga cikin alamun ƙarya. In kana sakin labarin kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad, kammala takardar daren kisan kafin kashi na farko ya fita, domin abin da ka riga ka saki ba ya gyaruwa, masu karatu kuma na komawa baya su duba.

Gaban shari'a

A 1946 shari'ar kisan kai ba ta tsayawa wajen alƙalin ƙaramin gari, majalisar sarki ake kai ta, hukuncin kisa kuma sai Gwamna ya tabbatar. Hujja ita ce iƙirari, ko shaidu biyu maza adilai, ko ƙasama: idan akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida ɗaya ko mamacin ya ce kafin ya cika "jinina na wuyan wane", sai magadansa maza su yi rantsuwa hamsin. Dubi abin da wannan ke ba ka. Mutum ɗaya da ya yi ƙaryar jin kalmar ƙarshe ta mamaci ya isa ya kai soja ga hukuncin kisa, magadan kuma za su rantse da zuciya ɗaya suna ganin gaskiya suke kai. Ranar rantsuwar ita ce wa'adin da mai bincikenka ke tsere da shi, don haka ka sanar da ita tun tsakiyar littafi.

Magada na da ikon yafewa ko karɓar diyya, sai a yi wa makashi bulala ɗari da ɗaurin shekara. Amma kisan gilla, wanda aka yaudari mutum zuwa keɓantaccen wuri aka kashe shi don dukiya, ba yafiya a cikinsa a wajen Malikawa. Saboda haka tambayar ko an kira baffan ne da dabara zuwa bayan rumbu ko kuwa faɗa ne ya ɓarke, ita za ta yanke ko mai littafin biya zai rayu. Ga kuma dokar Turawa a gefe tana ja: a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, don a dokarsu tunzurawa na rage laifin. Di'on labarinka zai shigo da irin wannan tunani, alƙali da nasa.

Babin tonon asiri ka yi shi a inda garin ke taruwa dama, ƙofar fada ko zaman sadakar arba'in, mai bincike kuma ya yi magana da ladabin ƙarami a gaban manya, yana tambaya kamar mai neman a ƙara masa sani har mai laifi ya saɓa wa kansa. Bar babi ɗaya bayan nan. An saki soja, amma waɗanda suka rantse ko suka yi shiru suna nan, gobe a sahu ɗaya za su yi asuba da shi. Tun kana rubuta takardar daren kisan ka yanke ko zai karɓi gonarsa ya zauna, ko zai ɗauki akwatinsa ya nufi tashar jirgi neman aikin gadi a Kano.